Binnen da Ya Ci Irin Gero a Kudu

Tunda ka ce ka san lokaci, ba sai ka tambayi kowa ba a inda za ka, to saurari wannan. Wani manomi ne ƙaura ta kai shi can kudancin Afirka, da mata da 'ya'ya da buhun irin gero ɗaya tak. Tun yana yaro ya gaji wata alama daga ubansa: kullum da safe a duba mafitar rana. Idan ta yi ta matsawa arewa har ta tsaya cik, a watan Yuni, yini ya kai iyakar tsawonsa, to damina ta zauna, wanda bai yi shuka ba ya makara. A sabon garin ma ya zuba ido, ya ga rana ta kai ƙarshen arewa ta tsaya. Babu hadari ko kaɗan, amma ya ce ai ruwa na hanya, bari ya yi binne, wato ya rufe iri a busasshiyar ƙasa ya jira. Maƙwabta suna kallonsa, shi kuwa yana yi musu dariyar ragwaye. Bai rage ko ƙwara ba.

Sai abin ya fara ba shi tsoro. Yinin da ya sani da tsawo ya zama guntu, kafin ya ɗaga kai magariba ta yi. Inuwarsa da tsakar rana ta miƙe kamar ta yamma. Da safe raɓa ta daskare a kan ciyawa, yara suna karkarwa a cikin 'yan riguna marasa kauri. Ya tona rami ɗaya, wayam, ya tona na biyu, ɓera da tururuwa sun riga shi. Ya kasa haɗa ido da matarsa. A nan wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta same shi durƙushe, ta ce, "Bawan Allah, ranar da ta je muku, mu ta bar mu ne. Yau tsakiyar sanyinmu ke nan. Doguwar ranarmu da ruwanmu sai Disamba, in ta dawo kudu." Ya juya ya dubi buhun da ya zazzage, ya dubi yaransa, ga watanni a gaba kuma babu abin shukawa ko ruwan ya zo.

Idonsa bai yi masa ƙarya ba, ranar ya gani daidai. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: baƙo ko yana da ido, makaho ne.