Ramin da Tsoho Ya Kasa Fita

"Ƙarin nan da ka saka wa mijina a wasan bidiyonsa na tonon kayan tarihi, shara ne!" Tsohuwa ta dangwarar da na'urar gaban mai shago. "Tunda ya faɗa ramin gumaka ya kasa fita. Rabin aiki ka sayar mana, ɗan nan!"

Mai shago ya kunna, nan take ya fito daga ramin.

"Mama, ga ƙatuwar igiya ta hagu. Baba bai gan ta ba?"

Sai wani abu ya faɗo mata a rai. Kwanan nan tsohon yana ta buge ƙofa da kafaɗar hagu, yana ture duk kofin da ta ajiye masa ta wannan gefen. Ita kuwa kullum sai ta daka masa tsawa: "Ganganci ne kawai!" Ashe gani ne ba ya yi ta hagu.