Shirun Mama

"Ki je ki ba ta haƙuri kawai," in ji Yaya.

"Haƙurin me? Me na yi mata?"

"Uwa ce fa."

Mama ba ta taɓa dukana ba, gaba take yi da ni. Tun ina ƙarama sai ta dire mini abinci ba ta kalle ni ba, tana ta raha da ƙannena, ni kuwa in yi ta laluben laifina har in ƙago wani in durƙusa. Baƙi na shigowa ta ce, "Wannan ai ita ce sanyin idona."

Wannan karon, tun da na sami aiki ta rufe baki.

Na shiga ɗakinta na gaishe ta, ta juya wa bango fuska. Gwiwoyina suka fara lanƙwasawa da kansu. Na jawo kujera na zauna.

Can ta juyo. "Ba za ki roƙe ni ba?"

"A'a, Mama. Ban yi laifi ba."

Na jira ƙasa ta tsage. Fanka ce kawai ke juyawa.