Yashin Kufena

Tun da ruwan teku ya cinye Zariya, dutsen Kufena ya zama tsibiri, aka hana fita da ko ƙwayar yashinsa. Barau ya kawo mahaifiyarsa gaɓar, iska na fizgar mayafinta.

"Gonar babanka tana ƙarƙashin can," ta ce. "Gyaɗa muke shukawa." Ta durƙusa. "Yashin nan kaɗan nake so, a sa mini a likkafani, tunda a ruwa kuke binne mutane yanzu."

"Inna, za su kama mu."

A bakin jirgin ruwa masu gadi suka wanke ƙafafunta, suka kakkaɓe zanenta.

Da jirgi ya tashi ya ce, "Inna, kin gaji?"

Ta girgiza kai, bakinta a rufe gam. Barau ya dubi kumatunta da suka ɗan kumbura, ya matsa ya kare ta daga idon matuƙi.