Gubar Da Ba Ta Wankuwa

Ajiye kwalbar nan tukuna, Hashimu. Ka ce za ka fara sayar da maganin feshi a kasuwa, madalla, Allah ya sa albarka. Amma na tambaye ka ma'anar kalmar Turancin da ke jikinta, systemic, ka ce mini wai "mai kyau". Haba ƙanena! Zauna in ba ka misali, don wallahi amsar nan ta ɓata mini rai.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, mutumin kirki, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Haƙoran tsohuwar sun ƙare, ba abin da ke shiga bakinta da daɗi sai miyar alayyahu, don haka ya ware mata fangali guda, ko kasuwa ta yi tsada ba ya taɓa shi. Wata shekara ƙwari suka faɗa wa alayyahun, ganye duk ya nannaɗe. Ya je ya sayo magani irin wannan na hannunka. Ya ɗan taɓa boko, daidai wadda za ta sa mutum ya haɗa baƙi ya ɗaga kafaɗa. Da ya ga kalmar sai ya ce ai sistam ce, abin da ke da sistam kuwa mai tsari ne, na manya. Maƙwabcinsa ya ce ya kai wa malamin gona ya duba masa. Ya ce, "Ni za a karanta wa Turanci?" Ƙananan rubutun da ke bayan kwalbar ko kallo ba su ishe shi ba. Har ƙara awo ya yi, tunda a ganinsa abu mai kyau ba ya yawa. Ya fesa, ƙwari suka zube.

To ka ji abin da bai sani ba. Masu ilimin kimiyya suna kiran abu systemic ne in ba a fata yake tsayawa ba, in yana shiga ya game jiki duka. Likita na faɗarta ga cutar da ta bi jini. A shuka kuwa, ganye ne ke shan maganin, saiwa ta sha, ya bi ruwan jikinta kamar gishiri a miya. Shi ya sa ake rubutawa a bayan kwalbar cewa a jira ya fita kafin a yanka.

Shi bai jira ba. Kuma kada ka ce sakarai ne, ya san guba guba ce. Washegari ya yanko alayyahun, ya zauna bakin rijiya yana wanke shi ganye-ganye da hannunsa, yana sauya ruwa, har sai da ya yi ƙyalli. Matarsa ta yi miya. Tsohuwa ta ci ta suɗe yatsu, ta sa masa albarka. Kafin la'asar gidan ya rikice, wannan na amai, wancan na murƙususu, gumi na karyo musu. Masu sauran ƙarfi suka tashi. Tsohuwa dai da aka kai ta asibiti, gawarta aka dawo da ita.

A wurin zaman makoki, duk wanda ya miƙa masa hannu ya ce ya haƙuri, sai ya riƙe hannun ya ce, "Wallahi na wanke shi." Kuma gaskiya ya faɗa, ya wanke. Abin da ke ci mini rai ke nan in na tuna. Fangalin nan bai sake shuka komai a cikinsa ba.

Saboda haka, Hashimu, gobe wani zai tsaya gaban teburinka ya nuna kalmar nan ya tambaye ka, shi ma da tsohuwa a gida. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka je ka tambayo. Da mai lambun nan bai iya karatu ko kaɗan ba, da ya kai wa malamin gona kwalbar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.