Taku Bakwai

Na ajiye rigar silikin, na juya baya. Shekara hamsin ina ciniki a kasuwar nan ta Guangzhou a China, na san kafin taku bakwai ake kiran mutum.

Yuan ɗari uku yarinyar da ke rumfar ta ce, na taya arba'in. Da tsohuwar mai rumfar ce, sai ta dafe ƙirji: "Ke ɓarauniyar tsohuwa, jikokina iska za su ci?" Ni kuma in ce, "Ai kitsen wuyanki ya ishe su." Mu yi ta yi har shayi ya huce.

To, tsohuwar ta koma ƙauye. Surukarta ce kan kujerar, idonta na kan waya.

A taku na biyar na rage sauri, kamar gwiwa ce ta riƙe. Na cika bakwai, shiru.

Da ƙafata na komo, na zube ɗari uku cif.

"Haba Kaka, ɗari ma da na sallama miki."

Riguna sun cika mini akwati, babu mai sawa. Tun da yarana suka watse, nan kaɗai ake nemana.

"Riƙe, 'yar nan," na ce. "Gobe in na juya, ki ce mini in dawo."