Mai Zanen Fadar Setapak

Zahraddeen ya cire takalmi, ya ajiye wayarsa a faranti tare da na sauran jama'a, ya shiga a durƙushe kamar yadda aka koya wa kowa. Fadar dai falo ne a hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, da jar darduma da aka sayo a shagunan titin Jalan Masjid India, da kujera guda da aka ɗora kan katako don ta fi kowa tsayi. Amma kada ka kuskura ka kira ta falo a gaban Waziri.

Shekara biyu ke nan da Hausawan Kuala Lumpur suka ga su ma ya kamata su yi sarki. Suka naɗa Dakta Yusha'u, dattijon da ya fi kowa daɗewa a garin, mutumin da a da in ya zauna a mamak, wato shagon shayi da abinci na garin, sai shayinka ya huce saboda dariya. Tun ranar naɗi aka rufe masa baki da amawali. Waziri Muntasir ya tsara dokoki shafi tara: Sarki ba ya dariya, ba ya hawa jirgin ƙasan cikin gari na LRT, ba ya cin abinci a waje, ba ya magana sai ta bakin Waziri. Wanda ya shigo fada kuwa, babba ko ƙarami, idonsa a ƙasa har ya fita. Kuma masu bin dokokin nan ɗaliban digiri na uku ne, wallahi, wasu har da furfura.

Sai zane ya fara shigowa guruf ɗin al'umma na waya daga wata lamba da ba wanda ya san mai ita. A cire ta, wata ta shigo. Na farko, Waziri da Galadima Hussaini ne ke jan bakin darduma, kowa na son zama kusa da ƙafar Sarki. Na biyu, Galadima ya faɗi gaisuwa, hula ta gangare, sanƙo na ƙyalli. Na uku rawanin Sarki ne, ƙato kamar kabewa, babu mutum a ciki. Jama'a suka yi Allah wadai a fili, suka koma gida suka ci dariya.

Zargi ya faɗa kan Zahraddeen don shi ke karatun zanen gine-gine, kuma ba shi da kowa a fada. Waziri har ya buga takarda zuwa hukumar da ke ɗauke da nauyin karatunsa, cewa yaro ne marar tarbiyya mai zubar da mutuncin 'yan ƙasa a waje. Zangon karatu ɗaya ya rage masa. In takardar ta tafi, sai dai ya koma Gusau da akwati, ya tsaya gaban mahaifiyarsa ba shaida a hannu. Sa hannun Sarki kawai ake jira.

"Mai martaba ya ce a ba ka biro da takarda," in ji Waziri, ko da yake ba wanda ya ji mai martaba ya ce uffan. "Ka zana ni, mu gwada hannu."

"Ranka ya daɗe, in na zana da kyau fa?"

"To kai ne."

"In ban iya ba?"

"Kana ɓoye hannu ne."

Tsoro ya kama Zahraddeen, tsoro na gaske. Ya duƙa a kan takardar da biro a hannu. Galadima ya matso ya ce ai shi aka fi ci wa mutunci, shi ya kamata a zana. Waziri ya ce ba a tsallake Waziri a fada. Suka yi kusan rabin awa a kan wannan, kowa kansa a sunkuye yana magana da darduma, har Waziri ya ture kofin shayi da gwiwa, ya jiƙa gefen rigar Galadima. Daga kan kujera ba motsi, ba tari.

Gumi ya ɗiga a takardar Zahraddeen. Bai ja layi ko ɗaya ba. Waziri ya gaji, ya ɗauki takardar ƙarar da hannu biyu, ya miƙa ta sama ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Allah ya ja zamanin Sarki, shirunsa ya isa shaida."

A daidai nan farantin bakin ƙofa ya ɗauki kuka. Wayoyi goma sha ɗaya suka yi ƙara lokaci guda. Galadima ne ya fara karya doka, ya rarrafa ya ɗauko tasa, ya duba.

Sabon zane ne. Ga Zahraddeen a durƙushe gaban farar takarda, ga kofin da ya kife, ga Waziri da Galadima suna faɗa da ƙeya. A ƙasa an rubuta: hannun yaron nan a gabanku yake.

Fada ta hargitse. Waziri ya ce Galadima ne ya shigo da waya ta biyu, Galadima ya ce a caje aljihun Waziri. Takardar ƙarar ta faɗi, wani ya take ta. Zahraddeen ya ji numfashinsa ya dawo, ƙwalla ta cika masa ido. Ya leƙa zanen a wayar Galadima, ya dube shi da idon mai sana'a. Ba fuskar kowa a ciki, sai tsakiyar kawuna da saman huluna. Daga inda yake durƙushe ba a ganin mutane haka.

Sai ya yi abin da ba wanda ya yi a ɗakin nan shekara biyu, ya ɗaga kai. Amawalin Sarki na rawa saboda dariyar da yake haɗiyewa, Sarkin ya kashe wa Zahraddeen ido ɗaya, sannan ya tura wayarsa a hankali cikin hannun babbar riga.