Bayan Wankan Jego

Da la'asar Sharfaddeen ya iso Dugabau daga Getso, ya jingine babur a ƙofar gidan surukansa. Matarsa Zinnira ta gama wankan jego tuntuni, amma duk sanda ya yi maganar komawa sai ta kawo uzuri.

A soro ta same shi, jaririya a kafaɗarta. Bayan doguwar gaisuwa ya yi ƙasa da murya.

"Zinnira, laifi na yi miki? Ko na fita daga ranki ne?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Malam, wallahi ina kewarka. Haihuwar nan ce ta ba ni wuya, har ɗinki aka yi mini. Tsoron shimfiɗa nake ji, kunya kuma ta hana ni faɗa maka."

Ya daɗe yana kallonta. Shi duk a zatonsa ƙinsa take yi.

"Da kin faɗa mini tun farko. Ki dawo ɗakinki, mu je asibiti tare a duba ki. Ba zan matsa miki ba, sai ranar da kika shirya."

Ta ɗago idonta cike da ƙwalla, ta miƙa masa jaririyar.

"Riƙe ta, in haɗo kayana."